Shekarar 1899: Haihuwar Manya a Duniya, Gobara a Ƙasar Arewa

(Kiɗan gurumi)

Gaisuwa ga mutanen Dogonduci da Matankari da Ɗankasari, da na Tibiri da Gesheme da Kore Mai Ruwa, da duk inda muryarmu take kaiwa. Shirinmu na musamman na yau zai tsaya ne a kan shekara guda, shekarar 1899, wadda ta zo daidai da 1316 zuwa 1317 ta Hijira. A cikinta aka haifi mutanen da duniya ke tunawa har gobe, a cikinta kuma ƙasar Arewa ta Nijar ta ga tashin hankalin da ya sauya mata rayuwa.

Mu fara da yadda duniyarmu take a lokacin. A Sakkwato, Sarkin Musulmi Abdurrahman ne bisa gado. A Kano, Sarki Alu. A Damagaram, Amadu Kuran Daga. A gabas, Rabe yana riƙe da Barno daga Dikwa. A nan Arewa, sarautar Sarkin Arewa tana Matankari, Tibiri tana hannun gidan Samna, Baura yana Bagaji, Sarauniya tana Lugu tana riƙon ƙasa bisa al'adar kakanni. Babu ɗayansu da aka shawarta sa'ad da Ingila da Faransa suka sa hannu a wata yarjejeniya a Faris ranar 14 ga Yunin 1898. A bisa takarda suka auna mil 100 daga birnin Sakkwato, suka zana da'ira, suka ce ciki na Ingila, waje na Faransa.

Don cika wannan rabo Faransa ta tura rundunoni uku su haɗu a Tafkin Cadi: ɗaya daga Aljeriya, ɗaya daga Kwango, ta ukun daga yamma. Wannan ta ukun ita ce ta Kyaftin Paul Voulet da Kyaftin Julien Chanoine, wanda mahaifinsa janar ne da ya taɓa riƙe muƙamin ministan yaƙi. Turawan cikinta ba su kai goma ba. Sauran sojoji ne 'yan Afirka, da 'yan dako da aka kamo da ƙarfi, da mata da dabbobi. Ba a ba su guzurin da zai kai su ba, saboda haka cin rundunar da shanta suka koma wuyan garuruwan da ke kan hanya. Tun a watan Janairu, a Sansanne Hausa da ke bakin Kwara, aka fara kisan mutanen da ba su ɗauki makami ba. Daga nan suka biyo Dallol Mawri, ana ƙone rumbuna, ana kwashe shanu, ana kama bayi.

Sun iso Arewa cikin bazara, lokacin da rijiyoyi suka ja baya, hatsin rumbu ya yi ƙasa. Garuruwa da yawa sun auna ƙarfin bindiga da igwa, suka ga babu riba a faɗa, wasu suka ba da abin da aka nema, wasu suka watse daji. Ba za mu zarge su ba, domin mai iyali ya san abin da yake karewa. Lugu ce ta ce a'a.

(Kiɗan goge)

Ranar 16 ga Afrilun 1899, cikin watan Zulhajji, kwanaki kaɗan kafin Babbar Salla, rundunar ta auka wa Lugu. Mutanen Sarauniya Mangu ba su da igwa. Abin da ke hannunsu baka ne da kibiya mai dafi, da sanin kowace sarƙaƙiya ta dajinsu. Da ruwan harsashi ya yi yawa a fili, sai suka ja cikin kurmi inda doki ba ya kutsawa, suka ci gaba da harbi daga nan. Lissafin da Faransawan suka rubuta da hannunsu ya ce sun ƙone harsashi wajen 7,000, an kashe musu mutum 4, an raunata 6. An ƙone garin, amma ba a kama Sarauniya ba, ba ta kuma yi mubaya'a ba. Bayan wucewar rundunar, jama'a suka dawo suka sake gina gidajensu.

Abin da ya biyo baya ya fi muni. A farkon watan Mayu aka afka wa Birnin Ƙonni, gari mai ganuwa da dubban mutane, aka yi kisan da har yau jikoki ke nuna wuraren da aka binne gawarwaki. Labarin ta'asar ya kai Faris ta wasiƙar wani hafsa mai suna Péteau da aka kora daga rundunar. Gwamnati ta aiko Kanar Klobb daga Tumbutu ya karɓi ragama. Ya bi sawunsu ta cikin kangaye da toka, ya cim musu a Dankori kusa da Tasawa ranar 14 ga Yuli, Voulet ya sa aka harbe shi. Ranar 16 ga wata sojojin suka yi tawaye suka kashe Chanoine, washegari suka kashe Voulet. Kaburburansu suna Maijirgi.

Sai dai mutuwarsu ba ta tsai da mamaya ba. Sauran hafsoshi, cikinsu har da Joalland da Meynier, suka ci gaba da rundunar, Zandar ta faɗi a ƙarshen Yuli, aka kashe Sarki Amadu a watan Satumba. A kudu kuma, ranar 1 ga Janairun 1900, Baturen Ingila Lugga ya ɗaga tutar ƙasarsa a Lakwaja. Cikin shekaru kaɗan an raba ƙasar Hausa gida biyu, ɗan'uwa a Dogonduci, ɗan'uwa a Argungu, kowa da Baturensa.

(Kiɗan gurumi)

To, masu sauraro, su wa aka haifa a wannan shekara? Kwana 13 bayan yaƙin Lugu, ranar 29 ga Afrilu, aka haifi Duke Ellington a birnin Washintan na Amurka, baƙar fata wanda ya zama gwarzon kiɗan jaz, ya kuma zo Dakar a 1966 ya yi wasa a bikin fasahar baƙar fata na duniya. Ranar 21 ga Yuli aka haifi marubuci Ernest Hemingway, wanda ya ci kyautar Nobel a 1954. Washegari, a kudancin Afirka, aka haifi Sobhuza na Biyu. Yana jariri mahaifinsa ya rasu aka zaɓe shi sarkin Suwazi, shi ne kuma ya kai ƙasarsa ga 'yancin kai a 1968.

Waɗannan an rubuta ranakunsu. Amma a daren da Lugu ke ci da wuta, akwai mata masu ciki da masu goyo a cikin daji. 'Ya'yan da suka haifa ba a yi musu takardar haihuwa ba, amma su ne tsarar da ta ɗauki nauyin abin da 1899 ta kawo. Su suka biya harajin Nasara, su aka ɗiba soja, su suka fasa duwatsun hanya a aikin tilas har zuwa 1946 da aka soke shi. Wanda Allah ya ja kwanansa cikinsu, yana da shekara 61 ya ga ranar 'yancin kan Nijar, 3 ga Agustan 1960. Su suka riƙe labarin nan a baki suka miƙa wa jikoki. A wurinmu su ma manyan da aka haifa a 1899 ne.

Daga irin wannan labarin baka Abdullahi Mamani ya gina littafinsa Sarraounia a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu a 1987. Sun kai sunan Mangu duniya, mun gode musu. Amma littafin ƙagaggen labari ne, marubuci ya ƙara abin da ya ƙara. Tushen yana nan wurin dattawan Lugu da Bagaji da Matankari, inda sarautar Sarauniya da dutsen shari'a na Tunguma ba tatsuniya ba ne.

Saboda haka kiranmu ga matasan Arewa shi ne: wayar da ke hannunku tana ɗaukar murya. Ku je gaban kaka ku durƙusa ku gaishe ta, ku tambaye ta abin da kakarta ta gaya mata, ina aka gudu, wace rijiya aka sha, su wa suka faɗi. Ku rubuta sunayen. Malaman makaranta su kai yara Lugu su gani da idonsu. Hukumomi kuma su nemi a buɗe takardun rundunar Voulet da ke ajiye a Faransa, domin jikokin waɗanda aka kashe suna da hakkin karanta su.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba ƙasar Arewa damina mai albarka da zaman lafiya. A nan muka kawo ƙarshen shirin. Mu kwana lafiya.