Wankin jini ga mai ciwon hanta: me na'ura ke iyawa?

Idan likita ya ce hantar majinyaci ta gaza, dangi sukan yi tambaya: tunda ana wankin ƙoda a asibitin Lamorde na Yamai da babban asibitin Damagaram, me ya hana a yi wa hanta irinsa? Akwai na'urorin da aka ƙera domin haka, sai dai aikinsu yana da iyaka.

Hanta ce ke tace dafin da ke cikin jini, ita ce kuma ke haɗa sinadaran da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni. Idan ta tsaya, sinadarin bilirubin yakan taru, ido da fata su koma rawaya, abin da ake kira shawara. Amoniya kuma takan hau ƙwaƙwalwa, majinyaci ya rikice, daga nan ya suma.

Na'urar wankin ƙoda tana fitar da dattin da ke narkewa cikin ruwa. Yawancin dafin da hanta ke fitarwa kuwa manne yake da wani sinadarin jini mai suna albumin, don haka ba ya ratsa matatar. Wannan ya sa likitoci a jami'ar Rostock ta ƙasar Jamus suka ƙera na'urar MARS a shekarun 1990. Jini yana bi ta gefen matata, a ɗaya gefen kuma ruwa mai albumin yana janye dafin.

Hanya ta biyu ita ce musanyar ruwan jini, wato plasma: a cire na majinyaci a zubar, a maye shi da wanda masu ba da jini suka bayar.

Wani bincike da aka yi a Turai kan majinyata 189, aka wallafa a 2013, ya nuna MARS tana rage bilirubin, amma ba ta ƙara yawan waɗanda suka rayu ba. Wani kuma na 2016, ƙarƙashin jagorancin likitocin Danmak, ya duba mutum 182 da hantarsu ta gaza farat ɗaya. Kusan kashi 59 cikin 100 na waɗanda aka yi wa musanyar plasma sun fita asibiti da rai, a ɗaya rukunin kuma kashi 48.

Ke nan na'ura lokaci kawai take ba majinyaci, kafin hantar ta farfaɗo da kanta ko a samu dashe. Ga tsada, ga buƙatar plasma mai yawa: a binciken na 2016, lita 8 zuwa 12 a rana har kwana 3.

Shi ya sa rigakafi ya fi muhimmanci a Nijar, inda ciwon hanta nau'in B ya yaɗu, kuma nau'in E ya hallaka mata masu ciki a jihar Diffa a 2017. Allurar rigakafin nau'in B tana cikin alluran da ake yi wa jarirai. Babba kuma yana iya zuwa awon jini, domin akwai maganin tenofobir da ke danne ƙwayar cutar. Shan farasitamol fiye da giram 4 a rana yana iya lalata hanta, haka ma wasu jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba.

Duk mai shawara da ya fara rikicewa, ko yawan barci, ko aman jini, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira gobe.