Wasan Maciji Ya Dawo Cikin Waya

'Yan'uwa, da yawanmu mun tuna wasan maciji, wato Snake, wanda kamfanin Nokia ya sa a wayoyinsa tun 1997. Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, mun sha raba dare muna ciyar da macijin nan har ya ciji wutsiyarsa.

Yau ana sauke shi a wayoyin zamani, shi da Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙiro a Mosko a 1984. Babu zubar da jini a cikinsu, amma iyaye su lura: wasu tallace-tallacen da ke faɗowa tsakiyar wasan na caca ne.

Ranar Lahadi kuwa, wanda muka gani a bencin baya yana jera tubalan Tetris lokacin wa'azi dattijo ne mai furfura.