Zaɓen Manhajar Kiɗan Chiptune ga Matashin Sakkwato

Kiɗan da ake kira chiptune, wato wanda ake haɗawa da siririn amon na'urorin wasan bidiyo na shekarun 1980, ba baƙo ba ne a kunnen Basakkwace, domin duk wanda ya taɓa buga wasan Super Mario ya san shi. Ƙarancin ƙarfin na'ura ne ya haife shi: Game Boy da kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a 1989 muryoyi huɗu kacal take iya fitarwa a lokaci guda, ta huɗun ma shuu ce kawai da ake datsewa ta zama bugun ganga, ita kuwa kwamfutar Commodore 64 ta 1982 uku gare ta.

Yau ana yin wannan kiɗa a kan kwamfutar hannu mai faɗin allo, sai dai galibin waɗanda ake samu a shagunan Sakkwato masu tsarin Android ne, saboda haka manhajar KORG Gadget, wadda masu iPad ke ji da ita, ta fita daga lissafin mafi yawan matasa. Abin da ya rage musu bai gaza ba. FamiStudio kyauta ce, tana kwaikwayon amon na'urar wasan Famicom ta 1983, ana kuma zana sautuka a jikin allo da yatsa. Nanoloop, ta Bajamushe Oliver Wittchow, ƴan murabba'ai ne ake cikawa suna maimaituwa. SunVox ta Alexander Zolotov, ɗan Rasha, tana bin tsarin da ake kira tiraka, inda ake rubuta kowane sauti a layinsa da haruffa da lambobi, layukan suna gangarowa daga sama zuwa ƙasa. Dukansu ba su da nauyi, ba sa kuma buƙatar intanet bayan an sauke su, abin da ke da muhimmanci a garin da wuta ba ta da tabbas, data kuma ke da tsada.

Ma'aunin da ya fi cancanta wajen zaɓe tsakaninsu shi ne kiɗan gida. Makaɗin kalangu yana matse igiyoyin fata a hammatarsa, amo ya hau ko ya sauka yadda harshen Hausa ke yi, kuma kotso da taushin da Narambaɗa da Salihu Jankiɗi suka yi waƙa da su ba sa tafiya a kan ƙidayar huɗu-huɗu kaɗai. Manhajar da ba ta barin a ja sauti daga wani mataki zuwa wani, ko a mayar da tsawon zagaye layi 12 ko 24 a maimakon 16, za ta tilasta wa mai ita kiɗan wasu. SunVox tana yin duka biyun, ko da yake koyonta na buƙatar haƙuri. Mai farawa ya kama FamiStudio, wanda kuwa ke son jin kalangu a cikin muryoyi huɗu, SunVox ce ta dace da shi.