Fiyanon FM: yadda ake hana sautin algaita kashe kunne a wajen biki

A bukukuwan aure na Garwa, Marwa da Ngaundere, fiyano ɗaya kan tsaya a madadin makaɗa da yawa. Mai fiyano yakan kwaikwayi algaita ko garaya, amma sau da yawa sautin da ya yi daɗi a tsakiyar maɓallai yakan koma tsuwa mai kashe kunne da zarar hannu ya nufi dama, musamman ta lasifika. A fiyanon da ke aiki da tsarin FM, akwai saiti guda da aka yi domin wannan matsala: daidaita ƙarfin sauti gwargwadon wurin da maɓalli yake.

John Chowning na Jami'ar Stanford da ke Amurka ne ya gano tsarin FM a 1967. Kamfanin Yamaha na Japan ya karɓi lasisinsa, kuma a 1983 ya fitar da DX7 mai maɓallai 61. A cikinta akwai ƙananan injinan sauti shida, da hanyoyi 32 na haɗa su. Wasu injinan su ne ke fitar da sautin da kunne ke ji. Sauran kuwa aikinsu murɗa sautin na farko. Idan aka ƙara wa mai fitarwa ƙarfi, sauti zai ƙara tashi. Idan mai murɗawa aka ƙara wa, sauti zai ƙara kaifi da ƙarfe-ƙarfe.

Matsalar daga nan take tasowa. Kayan kiɗa na gaske ba su da murya ɗaya daga ƙasa har sama. Idan mai garaya ya danne tsirkiya ya gajarta ta, amonta yakan siranta, ya kuma mutu da wuri. Na'ura kuwa, in ba a gaya mata ba, murɗawa ɗaya take yi wa kowane maɓalli. Kaifin da ke ba ƙananan muryoyi kauri, shi ne ke zama tsuwa a manya.

A DX7 kowane injin yana da nasa saitin. Da farko ana zaɓar maɓallin iyaka, wanda zai raba fiyano gida biyu, misali C3 da ke tsakiya. Sai a sa zurfin canji na hagu da na dama, kowanne daga 0 zuwa 99. Daga nan a zaɓi yadda canjin zai tafi, ko ƙari ko ragi, ko a miƙe ko a lanƙwashe. A allon na'urar ana ganinsu da alamun +LIN, -LIN, +EXP da -EXP. Miƙaƙƙen yana canzawa daidai wa daida tun daga iyaka. Lanƙwasasshen yana farawa a hankali, sai can ƙarshen maɓallai ya yi tsanani.

Mai son algaita irin wadda ake busa wa lamiɗo a ranar hawa zai fara da injin da ke murɗa sauti: ya sa iyaka a tsakiya, ya zaɓi -LIN a dama, ya riƙa ƙara zurfi kaɗan-kaɗan yana taɓa maɓallan sama har tsuwar ta kwanta, amma hancin algaitar bai ɓace ba. Idan sautin ƙasa ya nutse cikin gangar, sai ya ɗan ƙara wa mai fitarwa ƙarfi ta hagu. Gwaji ya fi kyau ta lasifikar da za a je biki da ita, domin abin da ya yi laushi a ɗaki yakan yi kaifi a fili.

Ba kowace fiyano ke da wannan saiti ba. Yawancin Yamaha PSR na yanzu suna amfani ne da sautukan da aka riga aka naɗa. Amma ana samunsa a Korg Volca FM, haka ma a Dexed, manhajar kwamfuta ta kyauta da ke karanta sautukan DX7. Matashin da ke da ƙaramin situdiyo a Garwa zai iya koyon aikin da ita kafin ya kashe ko sefa ɗaya a kan na'ura.