Ciwon ƙugu ga mai dogon zama

Waɗanda na fi jin suna kukan ciwon ƙugu a nan Manchok su ne teloli da direbobin da ke kai citta Legas daga Kafanchan. In ka zauna a ranƙwafe, nauyin jiki na danne guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya, naman wajen ya sage. Naɗe tawul ka tokare ƙugunka, ka cire walat daga aljihun baya, duk minti 30 ka miƙe ka ɗan taka. Direba, ko bayan awa 2 ne ka tsaya. Shan diclofenac kullum kuwa, wallahi ciki da ƙoda yake ci. Amma in ƙafa ta fara mutuwa ko fitsari ya ƙwace, a tafi asibiti ranar.