Fasa Gungumen Maɗaci Zuwa Katako: Tsarin Yanka da Shanya

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bayyana yadda ake mayar da babban gungumen itace mai tauri, kamar maɗaci ko kawo ko madobiya, ya zama katakon da kafinta zai yi aiki da shi. Sau da yawa akan ga ƙofa ko tebur sun tsage bayan hunturu ɗaya, sai a ɗora wa kafinta laifi, alhali kuwa ɓarnar ta auku tun ranar da aka ɗora wa gungumen zarto.

2.0 Halin Itace

Ɗanyen itace cike yake da ruwa. Da farko ruwan da ke cikin kofofinsa ne ke fita, itacen kuwa ba ya motsi. Sai laimarsa ta sauko wajen kashi 30 cikin 100 sa'an nan ya fara takurewa. Takurewar nan ba daidai take ta kowace fuska ba. Idan aka bi zagayen zoben da ake gani a bakin gungume, takan kusa ninka wadda ake samu daga cibiya zuwa ɓawo, a tsawon itacen kuwa ba ta taka kara ta karya ba. Wannan bambanci shi ne asalin tanƙwarewa da tsagewa.

3.0 Hanyoyin Yanka

Hanya ta farko ita ce yankan shimfiɗa, watau a bi gungumen ana fitar da katako ɗaya bisa ɗaya daga sama har ƙasa. Tana da sauri, tana kuma ba da katako mai faɗi, amma katakon gefe yakan lanƙwashe kamar kwami idan ya bushe.

Hanya ta biyu ita ce a raba gungumen gida huɗu, a yanki kowane kashi yadda zoben zai tsaya a miƙe a bakin katakon. Tana cin lokaci, katakon kuma ba ya faɗi sosai, amma ba ya cika murɗewa. Irinsa ya dace da ƙyaure da taga. Kowace hanya aka bi, tilas a cire cibiyar gungumen, domin daga nan tsaga ke farawa.

Har ila yau, irin zarton na da muhimmanci. Zarton sarƙa da ake shiga daji da shi yakan cinye kusan milimita 8 zuwa 10 a kowane yanka, na ɗamara kuwa wajen 3 ne. Ke nan a babban gungume, katako sukutum na iya komawa dusa.

4.0 Shanya

Iskar hunturu kan busar da bakin katako tun cikinsa na jiƙe, sai bakin ya dare. Maganin haka shi ne a shafa wa bakunan fenti ko kaki da zarar an yanka. Daga nan a jera katakon a inuwa bisa dakali, nesa da ƙasa saboda gara, a sanya busassun sanduna tsakanin kowane jeri, kowace sanda a saitin ta ƙarƙashinta, a danne saman da nauyi. Katakon da aka kawo daga kudu ma yana bukatar ya huta a arewa kafin a sassaƙa shi, domin zai ci gaba da bushewa.

5.0 Kammalawa

Manyan itatuwan nan suna ƙaranci. Saran madobiya don kaiwa ƙasar Sin, musamman daga Jihar Taraba, yana cikin abin da ya sa tun 2017 yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinta tsakanin ƙasashe. Itacen da ya yi shekaru masu yawa yana girma bai kamata a lalata shi cikin yini guda ba. Don haka ya wajaba malaman sana'ar katako a kwalejojinmu su fara koyar da ɗalibai daga gungume, kafin a kai su ga guduma da ƙusa.