Kaftun Ƙasa da Kyawun Ƙwayar Alkama

Sau da yawa mukan ga manoma biyu a fadama guda, iri ɗaya suka shuka, ruwa ɗaya suke ba fangalansu, amma ranar sussuka sai alkamar wannan ta fito da nauyi, ƙullunta da danƙo, ta wancan kuwa ta tsamure, ko gurasa aka yi da ita ba ta tashi. Mutane su ce sa'a ce. Amma in muka bi sawun al'amarin, sai mu tarar rabinsa tun ranar kaftu aka yanke shi.

Danƙon nan da ke sa ƙullu ya tashi, taliya ta miƙe ba ta tsinke ba, masu ilmi suna kiransa furotin. Alkamar burodi tana bukatar kamar kashi 12 cikin 100 na nauyinta ya zama furotin. Tsiro kuwa ba ya iya ƙera shi sai da wani abinci da ke cikin ƙasa, watau nitrojin, wanda mafi yawansa yana ɗaure cikin taki da ruɓaɓɓen ganye da saiwoyi. Waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani su ke kwance shi.

To, in aka sa garma aka birkice ƙasa, iska ta shiga, sai halittun nan su kama aiki da gaggawa, su saki nitrojin da yawa. Shi ya sa sabon kaftu yakan yi yabanya mai kyau. Amma wannan kamar mai cin rumbu ne ba ya zubawa. In aka dinga yi shekara da shekaru ba taki, ƙasa ta gaji, ta koma gari, kuma ƙarƙashin inda bakin garma ke tsayawa ta daskare har saiwa ta kasa ratsawa. Haka ya sami manoman alkama na Kansas da Oklahoma a Amurka cikin shekarun 1930, da fari ya zo, iska ta kwashe musu ƙasar gona.

In kuwa aka bar ƙasa ba kaftu, aka shuka cikin kututturen amfanin da aka cire, laima takan daɗe, tana ta yawaita, ƙarfin ƙasa ya riƙa taruwa a hankali. Amma shi ma da nasa aibi. Halittun nan sukan riƙe nitrojin su ci kara da shi, saboda haka a shekarun farko ƙwaya takan rage furotin in ba a ƙara taki ba. Fosfaras da fotash kuma sai su taru a sama-sama, inda ƙasa ta fi saurin bushewa.

Akwai kuma maganar lokaci. A wuraren noman rani kamar Kadawa da Kura a ƙasar Kano, alkama takan bi bayan shinkafa. Tana son sanyin hunturu, watau a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba. Wanda ya ɓata makonni wajen kaftu da baje ƙasa, zafin Maris zai riski zangarniya tana cikin cika, ƙwaya ta ƙanƙance. Don haka ne manoma da yawa a Haryana ta Indiya suka koma shuka alkama cikin kututturen shinkafa ba kaftu.

Abin da muka koya ke nan: a yi kaftu inda ƙasa ta daskare ko ciyawa ta yi ƙarfi, amma kada ya zama al'ada ta kowace shekara. Kada a ƙone kara. A riƙa juyi da wake ko gyaɗa. A raba takin zamani, kada a zuba shi duka ranar shuka, gama wanda tsiro ya samu dab da fitar kai shi ke shiga ƙwaya.

Wanda yake da gonar makaranta ya raba fangali biyu, ya kafce ɗaya ya bar ɗaya, yara su auna tsabar kowanne, su kwaɓa garin, su ja ƙullun da hannunsu. Gani ya kori ji.